Ranar da Na Rufe Sunan Mai Awo

An kusa kashe mutum a gabana saboda layi ɗaya da na buga a kwamfuta. Kafin in kai ga wannan sai na faɗi irin aikina, don mahaifiyata ma har ta koma ga Allah gadi ta ɗauka nake yi, kuma ban taɓa iya gyara mata ba.

Wani kamfanin sayen riɗi da zoɓo nake wa aiki a Maigatari. Kamfanin yana da wata babbar kwamfuta a Legas, irin wadda manyan bankuna ke ajiyewa, mai ɗakinta ita kaɗai da sanyin da ko manaja bai samu ba. Ni ban taɓa sa ta a ido ba. Abin da muke gani a Maigatari baƙin allo ne da koren rubutu, ta nan muke magana da ita idan sabis ya ga dama. Duk abin da kamfani ya sani yana cikinta, an raba shi ma'ajiya-ma'ajiya: ta awo daban, ta lodi daban, ta ma'aikata daban. Kowane ma'aikaci yana da sunan shiga da kalmar sirri, ni kuma nake gaya wa na'urar wa zai shiga wace ma'ajiya, da abin da zai iya yi a ciki. Wani karatu kawai zai yi. Wani zai karanta ya kuma rubuta. Ni da nake rabon izinin ba ni da ikon rubuta ko awon buhu ɗaya.

Rufe suna ba wuya, layi ɗaya ne. Amma buɗe wa mutum sabuwar ma'ajiya, ko maido da sunan da aka rufe, sai mutum biyu: ni in shigar da buƙata, shugaban reshe ya zauna gaban nasa allon ya amince da tasa kalmar sirrin. Haka aka gina abin, don kada wani ya keɓe shi kaɗai ya buɗe wa ɗan gidansu.

Shugaban reshenmu mutumin Filato ne, Kirista, kowa Oga yake ce masa. Tun yana saurayi ya zo Gumel, a nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa. Hausarsa ta fi ta wasu da na sani. Gajere ne mai tumbi, ga son tuwon dawa da miyar kuka, in azumi ya kama kuwa ko ruwa ba ya sha a gabanmu. Yakan tsokane ni cewa kalma ɗaya na iya a duniya, wato a'a. Ni kuma in ce masa da ya koye ta a gaban kwanon tuwo da rigarsa ta huta.

Gaskiyarsa ce, na iya a'a, don mutanenmu ba su ɗauki kalmar sirri a bakin komai ba. A wurinsu mukullin shago ce, in za ka masallaci sai ka miƙa wa maƙwabci. Na ga wanda ya rubuta tasa da alli a jikin bango. Na ga wanda ya kira matarsa a waya, gaban jama'a, wai ta tuna masa. In na yi faɗa sai a ce, "Haba Malam, duk ba ɗaya muke ba?" Na'ura kuwa ba ta san wannan zumunci ba. Duk abin da aka rubuta da sunanka kai ka rubuta shi, ko da kana Makka a lokacin.

Wanda muka fi kai ruwa rana da shi a kan haka shi ne mai awonmu. Mutumin kirki ne, siriri, ɗan wani ƙauye a bayan Sule Tankarkar, bakinsa ba ya rabuwa da goro. Shi kaɗai ne a Maigatari yake da izinin rubutu a ma'ajiyar awo. In bai shigar da nauyin kaya ba takarda ba ta fita, in takarda ba ta fita ba manomi ba ya sallamuwa, mota kuma ba ta wuce ƙofa. To da damina ta sauka sai ya tafi gona, ya turo ƙaninsa ya zauna masa. Ƙanin nan ƙato ne, tsohon ɗan dako, bai iya karanta abin da allo ke cewa ba amma ya haddace inda ake dannawa. Na kore shi daga kujerar ya fi a ƙirga. Sau ɗaya har ya shaƙe min wuyan riga, ya ɗaga ni sai da ƙafata ta bar ƙasa, sannan ya ajiye ni ya ba ni haƙuri. A ƙauyensu ba a ganin laifi a cikin abin da suke yi. Kujerar awo ta gidansu ce kamar yadda gona take ta gidansu, in wa ba ya nan ƙane ya riƙe.

Wata Talata da kaka, riɗi na ta shigowa, motar shanu ta banke mai awo a kan babur ɗinsa a hanyar Sule Tankarkar. Ta ja shi a ƙasa har sai da direba ya ji ihun mutane. Waɗanda suka tattara shi sun ce a tabarma suka naɗo shi. Na je jana'iza, na ɗauki makara, na zuba ƙasa da hannuna, na yi kuka, don ina son mutumin. Bayan la'asar na dawo ofis na rufe sunansa.

Har gobe in aka sake haka zan yi. Suna mai izinin rubutu, mai shi yana kabari, kalmar sirrinsa kuma tana yawo a bakin mutane, in aka shigar da awon ƙarya wa za a tambaya? A zaman nan kuma na shigar da buƙata a buɗe wa mai awon reshenmu na Gumel ma'ajiyar Maigatari, ya riƙe mana kafin a ɗauki wani. Saura amincewar Oga. Shi kuwa yana can ƙauyen yana zaman makoki, kansa a sunkuye cikin dattawa, bai taso ba sai magariba. Washegari Laraba sabis ya ɗauke, yini guda allo bai ce uffan ba. Muka ce ba komai, Alhamis da safe Oga zai ɗauko mai awon Gumel a motarsa, ya danna amincewa, aiki ya ci gaba.

Alhamis ita ce kasuwar Maigatari. Wanda ya san hanyar Gumel a wannan rana ya san ba a alƙawari da ita: shanu, raƙuma, manyan motoci, kowa gaba yake so. Sabis ya dawo tun da safe, amma Oga ya maƙale a hanya. Farfajiyarmu kuwa ta cika. Manoma daga Gagarawa da ƙauyukan Sule Tankarkar sun zo da amalanke, wasu tun asuba, shanunsu na kumfar baki a rana. 'Yan dako suna zaune a kan buhuna da ƙugiyoyinsu, ba lodi. Direbobi na ta danna oda don haushi. Ban nemi Oga ya ba ni kalmarsa ta waya ba, shi ma bai yi tayi ba. Mu biyu ne kaɗai a reshen da ba mu taɓa ba kowa tamu ba.

Da hantsi ƙanin mamacin ya iso. Daga wurin sadakar uku ya taso, shi da mutanen ƙauyensu cike da a-kori-kura, idanunsa jajir. Ya shiga rumfar awo, ya zauna a kujerar yayansa, ya buga sunan, ya buga kalmar. Manoma suka yi ajiyar zuciya suka fara jan buhuna kusa da sikeli. Allo ya ƙi. Ya sake bugawa ya ƙi. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Malam, me ta ce?"

"Ta ce an rufe sunan," na ce. "Ni na rufe shi. Mai shi ya rasu, Allah ya ji ƙansa. In kana son kujerar, ka nema da sunanka, ni da kaina zan raka ka wurin Oga."

"Ko kwana uku bai cika a ƙasa ba," in ji shi, a hankali. "Rigarsa tana rataye inda ya bar ta, ba wanda ya taɓa. Ba a raba gado ba. Ya bar marayu. Ku kuma har kun goge shi."

"Ba a goge shi ba, ɗan'uwa. Duk aikinsa yana nan da sunansa. Ƙofar kawai aka rufe."

"Wa ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni. Aikina ne."

Ya girgiza kai kamar yana tausaya min. "Kai ɗan aike ne, Malam. Mun san gidanku. Ɗan Malam ba zai yi wa mamaci haka ba." Mahaifina ya daɗe yana koyarwa a firamare a yankin, rabin mazan da ke farfajiyar sun sha bulalarsa. Ƙanin ya miƙe ya fita, ya hau kan buhu ya gaya wa jama'a cewa Oga ya goge sunan yayansa don ya kawo nasa mutumin, shi ya sa suke gasuwa a rana. Na bi shi ina cewa ƙarya ne, amma muryata siririya ce, tasa kuwa ta ɗan dako.

Ana cikin haka motar Oga ta shigo ƙofa, ga baƙon mutum zaune a gaba. Mai awon Gumel ne, Bahaushe, Musulmi, ɗan cikin gari, amma ba wanda ya tsaya tambaya. Wani ya ce, "Ga shi nan ya kawo shi." Daga inda Oga ya tsaya zuwa ofishinsa tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba ce, kuma da ya kai allon nan ya danna, sikeli ya fara aiki, da kowa ya koma kan buhunsa. Na ɗaga wa Oga hannu, alamar ya zauna a mota. Shi kuwa ya fito yana murmushi, ya cire hula, ya nufi ƙanin don ya sake yi masa gaisuwa.

"Sannunku da haƙuri," ya ce. "Yanzu za a fara awo."

Ƙanin ya mare shi. Marin ya juya shi, tabaraunsa ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin amalanke. Oga ya dafe kunci yana cewa, "Tsaya mana, tsaya in gaya maka," sai wani ya sauke masa gora a gadon baya. Na ji ƙararta har cikin haƙorana. Ya durƙusa. Daga nan ba zan iya cewa wane ne ya fara wane ne ya bi ba, don rufe shi suka yi gaba ɗaya, mutanen ƙauyen da 'yan dako da manoman da ba su ma san mamacin ba, rana ce kawai ta dafa su. Mai awon Gumel ya buɗe ƙofa ya ranta a na kare, ya haura katanga.

Na kutsa cikinsu. Ina ihu, "Ni ne na rufe. Wallahi ni ne. Bai ma sani ba sai da na gaya masa." Na kama wani ta baya na ja, ya juyo da hannu a sama, da ya ga ni ne sai ya sauke. "Malam, matsa, kar a same ka," ya ce, ya ture ni gefe da tafin hannu, a hankali. Na sake shiga. Na ga Oga a ƙasa ya dunƙule, ya rufe kai da hannuwa, ana tattaka shi da takalman taya. Wani buhu ya fashe, riɗi ya malale, jininsa na zuba a kai, ƙwayoyin suna manne masa a fuska da gashi. Ya yi rarrafe ya nufi ofis. Har a lokacin ofis yake nufa. Suka kama ƙafarsa suka jawo shi baya, rigarsa ta yage har cibiya.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ɗauki benci na maka wa wani ɗan dako a kafaɗa. Na ciji wani a hannu sai da na ji gishirin jini. Na zagi ƙanin, na zagi ƙauyensu, na faɗi maganganun da ban san na iya ba, ina so ko mutum ɗaya ya juyo kaina. Ba wanda ya rama. Wani dattijo mai farin gemu, wanda ya zo da jikokinsa sayar da riɗi, ya rungume ni ta baya ya danne hannuwana, ƙarfinsa na manomi.

"Bari, ɗana," yake ce min a kunne. "Ba da kai ake ba. In wani abu ya same ka me za mu ce wa Malam mahaifinka?"

"Baba, sake ni. Kashe shi za su yi."

"Ka yi haƙuri, ɗana."

Ina riƙe a hannunsa na ga wani ya ɗauko ƙarfen sikeli ya sauke a hannun Oga na dama da ke dafe da ƙasa. Yatsun suka lanƙwashe ta inda ba a lanƙwasa su. Oga ya yi wata ƙara, ya saki kansa, fuskarsa ta buɗe. A nan ne wani ɗan dako, mutumin da Oga ya taɓa kai matarsa asibiti a motarsa tana naƙuda, ya kai masa sara da ƙugiya. Ta shiga ta gefen idon hagu. Da ya fizge ta sai jini ya yi tsartuwa har kan rigata. Oga ya daina motsi. Ƙanin kuma ya tsaya a kansa yana haki yana cewa, "Tashi ka buɗe. Tashi ka maido da sunan yayana."

Na ce masa, da muryar da ta rage min, "Shi kaɗai zai iya buɗewa. Ga hannun da zai buɗe da shi nan kun farfasa." Ban sani ba ko ya ji.

Wani direba mutumin Damagaram ne ya cece mu. Ya tayar da babbar motarsa, ya ɗora hannu a kan oda, ya nufo tsakiyar taron ba alamar zai taka birki. Jama'a suka watse, shanu suka fizge amalanke, buhuna suka zube. Ya tsaya dab da Oga, ya leƙo ya ce min da Hausarsu ta Nijar, inda mushe ke nufin malam, kamiyo kuma babbar mota, "Mushe, ɗauko shi, sa shi a kamiyo." Dattijon ya sake ni. Shi ne ma ya kama min ƙafafun Oga muka ɗora shi, yana ta salati. Ƙofa a buɗe take, maigadi ya gudu. Wannan ce kaɗai motar da ta taɓa fita daga kamfanin ba takarda.

Hanyar Gumel tana nan yadda Oga ya baro ta, a cunkushe. Direban ya sauka daga kwalta ya bi gefen gonaki. Kan Oga yana cinyata, na toshe idon da hulata, hular ta jiƙe, na cire rigata ta ciki na ƙara. Numfashinsa yana fita da wani gurnani. Ina ta kiransa, ina ce masa ya yi magana ko zagina ne. Wajen rabin hanya ya motsa leɓe, na kai kunne. Cewa ya yi in kira matarsa, kada in ce mata komai, in ce ta same mu a asibiti. Na kira ta da wayarsa, yatsuna na santsi a kan gilashin, na faɗi yadda ya ce.

Abin da ya biyo baya na kame-kame da zaman sulhun dattawa ban cika riƙe shi a kai ba, kuma in na tuna raina ne kawai yake ɓaci. Na ji waɗanda suka ce sharrin Shaiɗan ne. Na ji waɗanda suka ce zafin rashi ne. Ni dai na san abin da na gani: mutanen nan suna cikin fushi, amma fushin bai hana su tantance wanda za su daka ba.

Abin da ya zauna min shi ne barandar asibitin, bayan la'asar. Likita ya fito ya ce zai rayu, hannun za a yi ƙoƙari, idon kuwa ya tafi. Matar Oga tana zaune a kan benci. Malamar makaranta ce, daga aji ta taho a adaidaita, har da alli a yatsunta. Mun saba, ta sha aiko min da abincin Kirsimeti, matata ta sha aika mata naman layya. Ba ta yi kururuwa ba. Ta saurari likita har ya gama, ta yi masa godiya, sannan ta juyo gare ni.

"Malam, me ya yi musu?"

"Bai yi musu komai ba, Madam," na ce. Na ba ta labarin tun daga Talata, ban rage ba. Na gaya mata ni na rufe sunan.

"Sun san kai ne?"

"Na gaya musu. Kafin ya iso na faɗa, ana cikin yi ma na faɗa. Kowa ya ji."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Rigata ta rine, hannuwana har gwiwa jini ne ya bushe. Ta miƙe ta kama hannuna na dama ta juya shi, ta duba na hagu, ta duba wuyana da bayan kunnena, yadda ake duba yaron da ya faɗo daga bishiya.

"Wannan jinin duk nasa ne?"

"Nasa ne."

"Kai ba su taɓa ka ba."

"Ba su taɓa ni ba."

Ta saki hannuna. Ta koma ta zauna, ta ja jakarta jikinta, ta matsa can ƙarshen bencin.